Dutsen Tafiya na Taleman

Bandung,
Satumba, 1986

Zuwa ga Baffa Asmuni,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi, da fatan ƙafar nan ta sassauta maka, kuma Kaka Masrifah tana nan da bakinta yadda na bar ta. Ni lafiya lau, sai sanyin garin nan da har yau ban saba da shi ba.

Baffa, ka fara karanta wannan wasiƙa kai kaɗai, ka zaɓi abin da Kaka za ta iya ɗauka. Na yanka dutsen tafiyata, wanda ta ɗauko mini da hannunta daga Tuli, tarin duwatsun nan na bakin tekunmu, ta ɗinke a ƙyalle ranar da zan hau jirgi, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi don ya dawo.

Ba duka na yanka ba, gefe ɗaya ne. A nan haka muke karanta dutse: a yanko ɓalli, a manna shi a gilashi, a yi ta gogawa har ya fi ɓawon albasa sirantaka, haske ya ratsa shi. An ce kowa ya kawo dutsen garinsu don koyon hannu, ni kuwa ba ni da wani.

Da na sa shi a madubin ƙara girma na leƙa, sai na ga kamar ina cikin kwale-kwale da hantsi ina kallon ƙasan ruwa. Ga wasu fararen ƙwayoyi zagayayyu kamar idon kifi, ga ɓarɓashi ruwan zinariya, ga kuma ɗigo-ɗigon shuɗi a tsakaninsu. Ina juya gilashin suna canza launi, wasu su mutu, wasu su farka. Na daɗe ban ɗago ba. Shekara uku yana cikin aljihuna ban san akwai teku a cikinsa ba.

Malaminmu, Malam Wiryo, ya zo ya leƙa. Ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa, sannan ya ce, "Ke, a ina kika sato wannan?"

Na ce, "A bakin ruwan garinmu, Malam. Kakata ce ɓarauniyar."

Dutsen wuta ne, wato irin wanda ya taɓa zama narkakke a cikin ƙasa kafin ya fito ya daskare. Fararen idanun ba baƙi ba ne, tun zamanin mulkin Turawan Holan an san tsibirinmu na Bawean da su. Amma su haɗu da shuɗin da zinariyar a wannan rabo, Malam ya ce bai taɓa gani a littafi ba. Za a aika ƙurarsa awon sinadarai. In awon ya tabbatar, to sabon iri ne, kuma sabon iri suna yake bukata.

Ka san yadda ake raɗa wa dutse suna? Ba da sunan wanda ya gano shi aka fi yi ba, da sunan wurin ake yi. Tsaunukan Andes suka ba da andesit. Wani kogi a kudancin Afirka, Komati, ya ba da komatiit. To namu fa? Talemanit. Faɗe shi da ƙarfi ka ji.

Ka gaida Kaka, ka gaida duk wanda ya rage.

'Yarka,
Hosniyah


Taleman,
Oktoba, 1986

Zuwa ga 'yata Hosniyah,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso. Ƙafa da sauƙi, sai in za a yi ruwa ta riga kowa sani. Kakarki lafiya, tana saƙar tabarmarta, ko da yake yanzu da yatsu take gani fiye da ido.

Ban iya ɓoye mata ba. Na karanta gaisuwa, na tsallake, sai ta ajiye ganyen da ke hannunta ta ce, "Asmuni, ka tsallake rami. Koma ka faɗa ciki."

Da ta ji, sai ta ce, "Ja'irar yarinya. An ba ta dutse ya dawo da ita, ta sa masa wuƙa. Na ubanta ma da ya mutu a Johor, lafiyarsa ƙalau aka dawo da shi na jefa a Tuli. Ka tambaye ta ko kunnenta ɗaya za ta yanka don ta ga abin da ke ciki."

Na isar da tambayar. Amma da na faɗi sunan nan, sai ta sa na maimaita, ta gwada shi a bakinta, ta ce kamar sunan maganin tari. Daga baya na ji tana faɗa wa kaji.

Yanzu ga labarin da ban so rubuta miki ba. Daga watan Afrilu babu Taleman a takardar hukuma. Za a haɗa mu da ƙauyuka biyu na kudu, a kira duka Karangbaru. Ban ga laifin hukuma ba. A Taleman gidajen da ake hura wuta a cikinsu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran a kulle suke, masu su suna Singapura da Selangor suna tuƙa motocin wasu, 'ya'yansu kuma in an tambaye su garinsu sai su ce Bawean kawai. Dagaci ya ce za a cire allon bakin hanya.

Na yi shekara talatin ina gyaran labarai a gidan jarida a Surabaya, na ga yadda suna ke mutuwa. Ba a rana ɗaya ba ne. Da farko a daina buga shi, sannan a fara kuskuren rubuta shi, sannan wani yaro ya ɗauka kuskure ne ya goge shi gaba ɗaya. Amma littattafan duwatsu, kamar yadda na fahimta, ba sa saurin mantuwa. Na duba taswirata na sami kogin Komati. Ba don dutsen ba, me zai kai ni can?

Tun da wasiƙarki ta zo nake tunanin wani ɗalibi a wata ƙasa mai sanyi, bayan duk mun shuɗe, ya buɗe littafi ya ga talemanit, ya ce ina ne nan kuma? Ba na son gina buri a kan abin da ba a tabbatar ba, sana'ata ta hana ni. Sai dai wannan karon burin ya riga ya shige ni.

Faɗa mini sharuɗɗan dalla-dalla. Me ake bukata daga gare mu?

Baffanki,
Asmuni


Bandung,
farkon Nuwamba, 1986

Baffa,

Sallama da gaisuwa. Ka ce wa Kaka kunnuwana biyu suna nan, kuma ragowar dutsen na mayar da shi ƙyallensa.

Labarin allon ya hana ni sukuni. Awon kuma ya dawo, ya goyi bayanmu: sinadaransa ba su dace da kowane dutse mai suna ba.

Ga sharuɗɗan. Na farko, ya bambanta da sauran a ƙwayoyinsa da sinadaransa, wannan mun samu. Na biyu, ya zama da bukatar sabon suna. Malam ya ce sunayen duwatsun wuta sun haura dubu, da yawansu abu ɗaya ne aka raɗa wa suna sau biyar, har wani kwamitin dattawa a Turai yana zaune yana rage su. Saboda haka ba a maraba da sabo sai da hujja mai ƙarfi.

Na uku shi ne naka. Ba a raɗa suna da tsintaccen dutse. Dole a nuna uwarsa, wato inda yake manne da jikin ƙasa, inda ya daskare tun farko, yadda kowane masani zai iya zuwa da gudumarsa ya ɓallo da kansa. Wannan wuri shi ke ba da suna. In uwar tana ƙasar Taleman, sunan namu ne. In tana wani gari, nasu ne.

Ina jin rafi ne ya gangaro da duwatsun Tuli daga tudu. Don Allah ka bi rafin, in ƙafa ta yarda, ka duba bango da ƙasa. Toka-toka ne mai duhu, da fararen ɗigo kamar an yayyafa masa shinkafa. In ka jiƙa shi za ka ga ƙyallin zinariyar.

Hosniyah


Taleman,
ƙarshen Nuwamba, 1986

'Yata,

Muna lafiya. Iskar yamma ta fara gwaji, masunta sun soma jan jiragensu tudu. A gurguje nake rubutu, don an ce jirgin ruwan da ke zuwa mana daga Gresik ba zai ƙara zuwa da yawa ba.

Na bi rafin da sanda har gindin tudu, har inda gonakin shinkafa suka ƙare. Na ga baƙin dutse, na ga farin dutsen alli, na ga barewa guda ta tsaya tana kallona kamar ta san ba aikina ba ne. Naki ban gani ba, ko ƙwara.

Sai na koma Tuli da kansa ranar da teku ya ja baya sosai. Tun ina yaro ban taɓa shiga can ciki ba, a baki muke tsintar na matafiya. Ashe yana da tsawo, ya miƙa cikin ruwa kamar bayan kada. A can ƙarshensa na sami irin naki, da yawa, manya da ƙanana, wasu ba zan iya ɗagawa ba. Suna kwance wuri ɗaya, kuma ban ga alamar rafi ne ya kawo su ba. Kamar nan suka tsiro.

Ruwa ya kore ni kafin in gama dubawa. Zan koma. Ga ɓalli biyu na sa a cikin ambulan.

Kakarki ta ce in kin gama da duwatsu ki aiko mata da man zafi.

Asmuni


Bandung,
Disamba, 1986

Baffa! Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa ƙafar nan lafiya.

Ɓalli biyun da ka aiko irinsa ne, sak. Kuma ka ce ba rafi ne ya kawo su ba, nan suka tsiro. To ai uwar ke nan! Tuli kansa ita ce: tsohon narkakken dutse ne da ya kwararo ya shiga teku, igiyar ruwa ta farfasa bayansa. Shi ya sa yake da tsawo kamar kada. Duk shekarun nan muna tsaye a kanta muna ɗaga wa mutane hannu.

Malam Wiryo ya so mu jira rani mu zo mu gani da idonmu. Na ce masa rani ya yi nisa, kafin nan an cire allon. Na ce masa wanda ya duba ba mai saurin magana ba ne, mutum ne da ya yi rayuwarsa yana cire ƙarin gishiri daga rubutun wasu. Ya yi dariya ya ce, "To in ɗan jarida ya ce ya gani, ai sai mu ce mun ji." Ya yarda mu fitar da gajeruwar sanarwa a taron masana duwatsu da za a yi a Yogyakarta a watan Maris. Za a buga ta a ɗan littafin taron. Sunan zai shiga bugu kafin ya fita daga allo.

Na rubuta shi da babban baƙi a saman takarda na zauna ina kallonsa. Ina ganin Tuli da rana tsaka, masana daga ko'ina sun naɗe wando suna shiga ruwa da guduma, Kaka tana bakin gaɓa tana sayar musu da tabarma tana zaginsu.

Ga man zafi nan.

'Yarka,
Hosniyah


Taleman,
Janairu, 1987

Hosniyah,

Muna lafiya, alhamdu lillahi, sai dai an fara cin busasshen kifi da rogo. Wasiƙarki ta zo a jirgin ƙarshe. Tun daga nan teku ya rufe, ruwan sama kuma ya tafi da gadar hanyar Sangkapura, inda jirgi ke tsayawa. Ban san ranar da wannan za ta tashi ba. Ina rubuta ta ne don ta kasance a shirye.

Tuli ba uwa ba ce. Na ce kamar nan suka tsiro. Kamar na ce, amma bai kamata kalmar ta fito daga alƙalamina ba a maganar da ake jiran tabbas.

Na koma sau da yawa tsakanin hadari da hadari. Na sa sandar ƙarfe na ɗaga na ƙarshen. Ƙarƙashinsu yashi ne da laka, babu wanda ke manne da komai. Sannan na lura da abin da ya kamata in gani tun farko: duwatsun Tuli ba dangin juna ba ne. Irin naki suna gefe guda. Kusa da su akwai wasu ja-ja masu manyan ƙwayoyi, irin waɗanda na gani an gina bakin tashar jirgi da su a Singapura. Akwai kore, akwai mai santsi kamar sabulu. Kowane iri a tare yake, kamar an juye shi daga kwando ɗaya. A cikinsu na ciro rabin jan bulo mai tambarin rubutun Sin. Tudunmu bai taɓa haifar bulo ba.

Na zauna a kan tulin da bulon a hannuna, sai wani abu ya dawo mini daga can nesa. Ina ƙarami ƙwarai, a kafaɗar wani, ina kallon babban jirgin katako, irin masu tafiya da iska waɗanda suka ƙare tun kafin a haifi ubanki. Maza suna miƙa wa juna wani abu mai nauyi suna sakewa a ruwa. Ban san ko tunawa nake ko mafarki ba.

Ga yadda na haɗa shi. Jiragen kakanninmu suna fita cike da tabarmi da busasshen kifi. In sun sayar, cikin jirgi ya yi sako-sako, iska za ta iya kifar da shi. Sai su ɗebi duwatsu a duk gaɓar da suka tsaya su danne cikinsa. In sun iso gida su zubar a bakin mashiga. Shekara bisa shekara, jirgi bisa jirgi. Tuli ke nan.

Na tambayi kakarki. Ta ce, "Ni ina na sani? Mata ba ma zuwa bakin ruwa sai an gama sauke kaya." Ta ci gaba da saƙa. Can sai ta tsaya ta ce, "Amma muna jin ƙarar daga gida. Cuɓul. Cuɓul. Sai uwata ta ce, sun dawo, ɗora shinkafa."

Na ce mata, "Gwaggo, kin gane abin da nake faɗa? Dutsen da muke ba 'ya'yanmu don su tafi da guntun gida, ba na gida ba ne. Baƙo ne."

Ta ce, "To sai me? Kai da karatunka, wa za ka haɗa matafiyi da shi, wanda bai taɓa barin gindin tudu ba ko wanda ya ƙetare teku ya iso? Wannan ai ya san hanyar Taleman."



Ba zan ɓoye miki ba, da teku ya rufe akwai kwanakin da na ji daɗi. Na ce wa kaina ba ni na hana jirgi ba. In an buga, an buga. Wa zai taso daga Turai ya ɗaga dutse a Taleman ya ga yashi? Amma ke kika ce sharaɗin shi ne kowa ya iya zuwa da gudumarsa. Wata rana wani zai zo. Ranar nan sunan garinmu zai shiga littafi a shafin kurakurai, da naki a gefensa. Na san shafin nan, na sha cika shi.

Ki janye sanarwar. Uwar dutsenki tana wata gaɓa da ba mu sani ba, kuma sunan na mutanen can ne.

Baffanki,
Asmuni


Bandung,
Fabrairu, 1987

Baffa,

Sallama. Na san iska ce, kowace shekara haka take yi, amma shirun bana ya yi mini tsawo. Ina fatan kai da Kaka kuna lafiya, kuma shinkafa ba ta yanke ba.

An buga ɗan littafin taron. Yana gabana. Shafin yana ƙanshin tawada, na san za ka so ƙanshin. Na ajiye maka guda, na ajiye wa dagaci guda ya rataya inda allon yake.

Da teku ya buɗe ka aiko mini da faɗin uwar da tsawonta, ko da taku ne, da inda ta fuskanta. Za su tambaye ni.

Hosniyah


Bandung,
Maris, 1987

Zuwa ga Baffa Asmuni,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da kuke lafiya. Wasiƙarka ta Janairu ta same ni ina haɗa kayan tafiya Yogyakarta.

Na karanta ta a tsaye. Na nemo ta Nuwamba na sake dubawa, ga "kamar" ɗin nan a wurinsa. Ni ce na tsallake shi don ina sauri. Na yi fushi da kai yini guda duk da haka, don ba ni da wanda zan yi fushi da shi kusa.

Na kai wa Malam Wiryo. Ya karanta har ƙarshe, ya naɗe ta a hankali ya ce, "Baffan nan naki, a ce shi ne ke gyara mana littattafai, da kwamitin Turai bai sami aikin yi ba." Sannan ya ce zaɓi nawa ne, ko in yi shiru in ƙi hawa mumbari, ko in gyara a gaban kowa.

Littattafan suna jibge a teburin shiga. Na roƙi masu taron, na zauna da alƙalami da abin jan layi tun kafin mutane su iso, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na soke sunan garinmu da hannuna har yatsuna suka ƙage. Da lokacina ya yi na hau na ce ga dutse, ga abin da ke cikinsa, ba shi da suna don ba mu san uwarsa ba. Na ba su labarin jiragen da bulon. Na faɗa musu cuɓul ɗin Kaka ma, ban san me ya sa ba.

Ba a yi dariya ba. Da aka tashi wani dattijo daga Makassar ya tare ni ya ce ya taɓa ganin mai kama da shi a wani ɗan tsibiri can gabas, mai hayaƙi, wanda ba kowa a kansa. Bai tabbata ba, ni ma ban tabbata ba, kuma na koyi kada in tsallake irin wannan "kamar" ɗin. Amma in haka ne, Baffa, kakanninmu sun kai inda ba wanda ya taɓa gaya mana sun kai.

A jirgin ƙasa na dawowa abin ya zauna mini. Kowane iri a Tuli daga wata gaɓa yake. Ja-jan nan wataƙila na tsibirin Bangka ne ko Belitung. Koren na wani wuri ne. In na yanka kowanne na nemo uwarsa, zan iya zana duk hanyoyin da jiragen Taleman suka bi, waɗanda ba wanda ya rubuta. Malam ya ce aikin shekaru ne, ya kuma ce in yi.

Babu talemanit, kuma ba za a yi ba. Wannan ya wuce, ina jin zafinsa har yanzu. Amma kowane ɓalli da zai shiga ma'ajiyar duwatsun makarantarmu dole a rubuta masa inda aka tsince shi, kuma ba sunan da ke takardar hukuma zan rubuta ba.

Ka ɗebo mini ɗaya daga kowane iri. Har bulon.

'Yarka,
Hosniyah


Taleman,
Afrilu, 1987

'Yata Hosniyah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Teku ya kwanta kamar bai taɓa yin komai ba, an gyara gada, kifi ya dawo.

An cire allon. Ma'aikata biyu suka zo da babur, yara masu ladabi, har suka tambaya ko muna son sa. Na karɓa. Kakarki ta ce a jingine shi a bayan ɗaki ya tare wa kaji iska, to can yake, rubutun yana kallon teku.

Na karanta mata yadda kika soke sunan. Ta ce, "Duka? Ita kaɗai? Ba wanda ya kawo mata ko shayi?" Wannan ne kawai ya dame ta.

Ni kuwa na yi ta juya abin. Na so a ce Taleman wani wuri ne da wuta ta fito ta daskare, aka san mu da shi. Ashe mu wurin da ake dawowa ne. Ɗalibin nan nawa na ƙasa mai sanyi ba zai ga sunanmu a babban littafi ba. In ya gan shi, a ƙaramar takarda zai gani, a gindin wani dutse da ya zo daga nesa. Na gwada jimlar a raina, an tsince shi a Taleman, ban sami abin gyarawa a cikinta ba.

Akwatin yana tafe a jirgin da zai ɗauki wannan wasiƙa. Na naɗe kowane dutse a tsohuwar jarida, na rubuta gefen Tulin da na ɗauke shi. Na can ƙarshen Tuli suna da nauyi, ki nemi mai taya ki.

A saman akwatin za ki ga wani ƙarami ɗinke a shuɗin ƙyalle. Ba ni na sa shi ba. Ranar da nake ɗiba, kakarki ta ce sai an kai ta. Na riƙe hannunta muka shiga har ruwa ya kai mata gwiwa. Ta sunkuya ta yi ta lalube, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye, har ta sami wanda ya yi mata. Ban san irinsa ba, ban kuma san daga wace gaɓa ya zo ba. Ta ɗinke shi da kanta, ɗinkin ya karkace.

Ta ce in rubuta miki maganarta yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Ka ce wa ja'irar nan sauran duk ta yanka, ta leƙa, ta ga tekunta. Wannan ba na yanka ba ne. Ta kawo shi da ƙafarta ta jefa a Tuli. Ido ya tafi, amma kunne yana nan, kuma ina so in ji cuɓul ɗinsa daga ɗaki in ɗora shinkafa."

Ban gyara ba.

Wassalam.
Baffanki,
Asmuni